Motocin Alhajin Bukkuyum

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A ranar Laraba, 13 ga watan Agusta, 2025, cikin watan Safar, Allah Ya karɓi ran ɗana na fari a wani asibiti a Sakkwato, bayan doguwar jinyar ciwon ƙoda. Muka kawo shi gida Gummi, aka yi masa sutura bayan la'asar, ana yayyafi. Mutanen gari sun fi saninsa da Mai Motoci. Ya bar matarsa Naja'atu da yara biyu, ya bar mahaifiyarsa Hajiya Balaraba, ya bar ni.

Na san abin da dattawan unguwarmu za su ce idan aka karanta musu wannan rubutu. Za su ce Alhaji Shitu ya tsufa ya zubar da kunya. A wurinmu uba ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya ɗaukarsa a gaban mutane, ba ya zama tabarma ɗaya da shi, balle ya yabe shi a takarda. Nawa kuma sunan mahaifina aka sa masa, sai kunyar ta zama biyu. Tun da aka haife shi "kai" nake ce masa, a bayan idonsa kuma "yaron nan". Haka aka yi mini, haka na yi, kuma ban taɓa ganin aibin abin ba.

Dole ce ta sa ni wannan rubutu. Akwai yarinya, Naja'atu, tana takaba da wani kwali a ɗakinta wanda ya hana ta sukuni, ga yayanta Lukman yana bin hanyar Bukkuyum, a wannan hali da hanya take ciki, yana neman mutumin da ba zai taɓa samu ba. Ba zan iya tsayawa gaban surukata in yi mata bayani ba. Lukman, idan wannan ya iso hannunka, ka zauna ka karanta mata har ƙarshe.

Yanzu bari in yi magana da kai, tunda da ranka ban yi ba.

Ka san tarihina, duk Gummi ta sani. Aji uku na sakandare na tsaya. Karen mota na fara, na kwana a kan buhunan albasa daga nan har kudu, na zama direba, na sayi motar kaina, yau ga manyan motoci ga injin casar shinkafa. Ba wanda ya ba ni ko ƙusa. Burina shi ne in miƙa maka makullan duka. Kai kuwa tun kana rarrafe da karan dawa ka buɗe ido. Sauran yara sukan yi motar kara su ja ta har ta karye su watsar. Kai taka sai ta yi ƙofa mai buɗuwa, kuma ba ka yarda a ja ta a ƙasa. Da ka girma ka buɗe shagon gyaran waya a bakin kasuwa, ka bar mini manyan motocina, ka kama ƙanana. Abin ya ci mini rai. Ban faɗa maka ba, domin faɗan ma sai an zauna da mutum.

Ba kowace mota kake yi ba, sai wadda ka gani a fim ko a talabijin. Malam Manu, daɗaɗɗen direbana da kuke kira Baba Manu, shi yake ba ni labarin yadda kake aiki. Ya ce sai ka tsayar da fim cak, ka ɗora ma'auni a kan gilashin talabijin, ka gwada tsayin motar da tsayin mutumin da ke jingine da ita. Daga nan ka rage komai da awo ɗaya, kashi ɗaya cikin ashirin da huɗu, tun daga taya har marikin ƙofa. Jiki da gwangwanin madara, taya da robar silifa, gilashi da gorar ruwa, jar fitila da jan farce. In motar ta lotse a gefe cikin fim ɗin, kai ma sai ka lotsa taka a daidai wurin. Ya ce wani ya taɓa ce maka ai ba wanda zai lura, ka amsa masa cewa kai ka riga ka lura.

Ina tuna shekarun da gubar dalma ta yi ta'adi a Bagega da Abare. Kafin nan dalmar tsohon batir kake narkawa kana zuba ƙafafun motoci. Da ka ji abin da take yi wa yara, ranar ka tattara tukunyar ka binne, ba ka sake taɓa ta ba. Sai ka koma sassaƙa ƙananan motoci na itace, ba fenti, ka goge su sumul don ko yaro ya sa a baki ba abin da zai same shi. Kana cika jaka kana shiga motar haya zuwa Anka, wurin yaran da ake yi wa magani. Ba daga bakinka na ji ba. Wani ɗan kasuwa ne a Anka ya riƙe hannuna ya ce ashe ni ne uban mai motocin nan, ya ce ɗiyarsa da motar a hannu take shan magani, in ba ita ba ba ta buɗe baki. Ka san abin da na yi? Na zare hannuna na tambaye shi yadda shinkafa take a kasuwarsu. Amma hanyar dawowa Gummi ranar, ni kaɗai na san yadda ƙirjina ya cika.

Ga yadda maganar Alhajin Bukkuyum ta samo asali. Wata rana muka wuce ta gaban shagonka, ni da Manu, sai na hango wata koriyar jif a kan kanta, marar rufi, da tayar ko-ta-kwana a ɗaure a gefe. Na san motar nan. A sinima na gan ta a Sakkwato, cikin wani fim ɗin Indiya, ina karen mota, ranar da na hana cikina abinci don in shiga kallo. Har igiyar da ke rataye a gabanta ka sa. Na ce wa Manu ya tsaya can gaba da kwana, ya koma da ƙafa ya sayo ta. Da ka tambaye shi wa zai saya wa, sai ya ce wani Alhaji ne a Bukkuyum, domin can muka nufa ranar. Shi ke nan Alhaji ya samu.

Daga ranar ya zama babban mai sayen kayanka. Nakan kwatanta wa Manu motar da na tuna, in ce baƙa ce doguwa, 'yan sanda sun bi ta har kan gada, shi kuma ya kai maka saƙo. Kai sai ka yi ta bincike har ka gano fim ɗin. Wani lokaci ka aiko da gyara, ka ce a gaya wa Alhaji ba baƙa ba ce, shuɗiya ce mai duhu, tsohon talabijin ne ya ruɗe shi. Na yi musu, na sa aka nemo mini fim ɗin, na ga kai ke da gaskiya. Manu ya yi ta dariya har ya kusa sakin sitiyari. Yakan ce in shiga shagon da kaina mana, ai ba kura a ciki. Ni kuwa in ce masa ya dubi hanya.

Motocin suna nan a ofishina na sama a wurin injin, cikin kabad mai makulli. Akwai tasi mai rawaya da baƙi, akwai motar kashe gobara, akwai tsohuwar akori-kura ta wani wasan Hausa da aka yi a talabijin muna samari. Ba mai goge su sai ni. Leburori sun ɗauka takardun filaye nake ɓoyewa a ciki.

Bara da na je Umra, na ga wani shago a Jidda ana sayar da irin waɗannan motoci a kwali, a warwatse, kowane ɗan ƙarfe da robarsa daban, sai mai haƙuri ya zauna ya haɗa. Na tsaya a shagon ina waige kada wani ɗan Zamfara ya gan ni. Na zaɓi jar mota ta tsere, na ba Manu ya kai maka da sunan Alhaji ya aiko a haɗa masa. Manu ya ce da ka buɗe kwalin, sai da ka wanke hannu kafin ka taɓa. Ka haɗa injin, ka haɗa kujeru, ka sa ƙafa uku. Sai ciwo ya kwantar da kai, yatsu suka kumbura.

Na zo asibiti. Allah Ya sani na zo, kuma ba abin da likita ya nema da ban kawo ba. Amma a bakin ƙofa nake tsayawa in ce ya masu jiki, kamar ɗakin duka nake gaisarwa. Zuwana na ƙarshe, da hantsi, ka yafito Manu ka ce masa, ina ji da kunnena:

"Baba Manu, ka ba Alhajin Bukkuyum haƙuri. Ka ce masa hannu ne ya ƙi, ba ni ba."

Manu ya juyo ya dube ni. Tsakanina da gadonka bai fi tsawon tabarma ba. Na ɗaga kai ina kallon ledar ƙarin ruwa, har ka rufe ido ka yi barci. Na ce a raina sai ka warke zan faɗa maka.

Ranar jana'iza, da liman ya tambaya ko akwai wanda ke da wani haƙƙi a kanka, Lukman ya miƙe ya sanar cewa akwai amanar wani Alhaji na Bukkuyum a ɗakinka, wanda ya san shi ya isar masa. Ina sahun gaba. Abokan kasuwancina na dama da hagu. Na sunkuyar da kai, mutane suka ɗauka dauriya ce irin ta uban ɗan fari, har wasu suka yaba mini daga baya.

Na zaci Manu zai je ya karɓo kwalin maganar ta mutu. Naja'atu ta hana. Ta ce wasiyyarka ita ce a damƙa wa Alhaji a hannunsa, a kuma ji daga bakinsa cewa ya yafe. Manu ya ce mata Alhaji ya yi tafiya. Ba ta gamsu ba, ta tashi yayanta. Lukman ya je Bukkuyum ranar kasuwa, ya bi masallatai da tasha yana tambayar Alhaji mai tara motocin wasa, ana yi masa dariya. Yanzu wai ƙauyuka zai shiga.

Abu biyu suka karya ni. Na farko Innarka. Tana ajiye mini abinci, ba ta ko dube ni ba, ta ce in taimaka da mutanen da na sani a nemo bawan Allahn nan, tana son ta yi masa godiya. Ta ce yaron nan yakan ce mata, Inna, ko ba kowa, akwai mutum ɗaya a Bukkuyum da ya san darajar hannuna. Ta ce duk ranar da saƙon Alhaji ya zo, har abinci kake ƙarawa. Ita ma a wannan takarda za ta ji gaskiya, kuma ban san da wane ido zan shiga gida ba.

Na biyu Manu. Shekaru masu yawa yana ja na, bai taɓa ɗaga mini murya ba. Shekaranjiya ya kashe mota a ƙofar injin, ya ƙi fita ya buɗe mini.

"Alhaji, ni Bafillace na, kunya gidanmu anka haife ta. Amma wagga taka ta wuce wuri. Ɗan mutane za ka sa a tare a hanya don kwalin roba. Ko ka hwaɗa, ko in hwaɗa."

To, ga shi na faɗa, kuma a gaban kowa, domin a gaban kowa aka yi cigiya na yi shiru.

Naja'atu, 'yata, babu wani Alhaji a Bukkuyum. Ni ne. Kwalin nawa ne, ni na aika, kuma ga shi daga bakina: na yafe, duniya da lahira, ko da yake ban ga abin yafewa ba. Amanar mijinki ta isa. Ki kwantar da hankalinki ki yi takabarki. Lukman, ka ajiye babur ɗinka, kuma ka yafe mini wahalar da na ba ka. Kada kowa ya ƙarasa jar motar nan, a bar ta da ƙafa uku a kan teburinsa yadda ya bar ta. Ranar Juma'a bayan an sauko zan zo da kaina. A buɗe mini ɗakin da yake aiki, ban taɓa shiga ba. Zan zo da makullin kabad ɗin ofis, na jikokina ne, Ridwan da Turai, su san abin da hannun ubansu ya iya.

Kai kuma, saƙonka ya iso tun kana faɗarsa. Aikinka ya yi kyau. Tun koriyar jif ɗin nan ya yi kyau, kuma duk cikin abin da na tara a duniya ba wanda nake buɗewa in zauna ina kallo sai naka.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Balaraba, da Naja'atu da 'ya'yanta, da ƙannenka, da gidan surukanmu, da abokan sana'arka na bakin kasuwa, da Malam Manu wanda ya ɗauki nauyin da ba nasa ba. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya raya abin da aka bari cikin albarka. Ya Allah, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka saka masa da farin cikin da ya sa a zukatan yaran mutane. Ya Allah, Ka jiƙan ɗana Nuhu. Ka gafarta wa Nuhu, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa, Ka haɗa ni da shi a inda zan kira shi ya amsa. Amin.

Alhaji Shitu Mai Shinkafa, Gummi.