Ranar da Ya Falmata Ta Sa Na Hau Sikeli

Ban taɓa mantawa da wata ranar Talata a ƙaramin asibitinmu na Ajilari ba. Lokacin ina ƙaramar jami'ar lafiya, shekarata ta huɗu a aiki. Talata ce ranar masu hawan jini da ciwon suga. Mutum zai miƙo katinsa, in auna nauyinsa da jininsa, in rubuta, sannan ya wuce wurin shugabarmu, Sista Rifkatu, ta duba maganinsa. Wanda na ga ƙiba ta yi masa yawa sai in ba shi wata takarda da muka buga, mai jerin abin da zai ci da abin da zai bari.

Ranar sai layi ya zo kan Ya Falmata, wata dattijuwa mai sayar da bandar kifi. Wata uku ke nan ina ba ta takardar, nauyinta bai motsa ba, jininta kuwa sai hawa yake yi. Na ce, "Ya Falmata, bismillah, hau sikeli."

Ta gyara lafayarta, ta dube ni daga sama har ƙasa. "'Yata, yau ke za ki fara hawa."

Na yi dariya, na zaci wasa ne.

"Wallahi ba wasa nake ba. An karanta mini takardar nan taki. Ban da tuwo, ban da burabusko, ban da shayi. Sai kabeji da tuffa. Ke su kike ci? In su kike ci, sikeli zai faɗa."

Benci cike yake da mata, kowa ya zuba mini ido. Na cire takalmi na hau. Allurar ta wuce inda ta Ya Falmata ke tsayawa da kilo shida. Aka kwashe da dariya, ni ma na taya su, amma kunya ta gama rufe ni.

Da aka tashi, Sista Rifkatu ta kira ni ofis. "Hajara, zauna, miƙo hannunki." Ta auna jinina, ta bari na huta, ta sake aunawa. Ya hau. A lokacin kuwa mahaifiyata na kwance a gidanmu na Fezzan da shanyewar ɓarin jiki, ni ke juya ta kullum kafin in fito.

Sista ta ce, "Alhamis za ki ga likita. Amma daga yau ki sami farar takarda, duk abin da ya shiga bakinki ki rubuta, har mako guda. Kada ki yi wa takarda ƙarya."

Da mako ya cika na karanta, sai na ga ashe ba tuwo ne babban mai laifi ba. Shayi nake sha sau huɗu, kowane kofi da sukari cokali uku. Ga lemon kwalba biyu da rana, wai saboda zafi. Ga fanke da hantsi. Kuma daga ƙofar gida zuwa ƙofar asibiti a keke napep nake, ko taku ɗari ba na yi.

Likita ya ba ni wata uku in gwada kafin a yi maganar magani. Na zauna na tsara wa kaina abin da na san zan iya. Shayi sau biyu, cokali ɗaya. Ruwan randa a madadin lemo. Tuwo malmala ɗaya, a yawaita miya, a rage mai da dunƙulen magi. Da safe kuma in sauka daga keke tun a bakin titi, in tako sauran kafin rana ta yi zafi.

Talatar da ta biyo baya na ja benci kusa da Ya Falmata, na nuna mata takardata, na ce mu yi tata. Ashe wuni take a kasuwa ba ta cin komai sai shayi da ɗan kifin da take tsakura, ga gishiri, da yamma kuma ta cika ciki lokaci guda. Muka raba mata abincin kashi uku. Da muka zo kan shayin safe ta ɗaga hannu. "Wannan kam ko likitan Makka ne ya ce, ba zan bari ba." Muka bar mata shi, da cokali ɗaya.

Ba kullum abin ya tafi daidai ba. Makon bikin ƙanwata kilo biyu na mayar, Ya Falmata kuwa ta yi mini tsiya son ranta. Amma kowace Talata tare muke hawa sikeli, ni farko, ita ta biyo. Cikin wata takwas na sauke kilo tara, jinina ya daidaita ba tare da magani ba. Ita huɗu kawai ta rage, tana kuma shan maganinta, sai dai ciwon kan da ke hana ta zaman kasuwa ya tafi. Sista Rifkatu ta sa aka daina raba bugaggiyar takardar nan, kowa a zauna da shi a rubuta tasa.

Wata rana Ya Falmata ta zo da maƙwabciyarta a kasuwa, wadda ta daɗe tana gudun asibiti. Ta zaunar da ita a gabana ta ce mata, "Faɗa mata gaskiya. Wannan ba ta hana mutum cin tuwo."

Ku da kuka zo bayanmu a wannan aiki, ku riƙe wannan. Yawancin waɗanda muke cewa suna da taurin kai ba shawara suka ƙi ba, shawarar ce ba ta dace da tukunyarsu ba. Ku fara tambaya kafin ku ba da umarni, kuma kada ku ɗora wa mai jinya abin da ku kanku ba za ku iya yi na mako guda ba.