Littafin da Ya Zo Daga Gida

Kakata ba ta yarda a yi Larabci a ɗakinta ba. Ka kira ta "habboba" yadda yaran ƙauyenmu ke kiran kakanninsu, sai ta juya maka ƙeya har ka ce Kaka. A bakin kogin Nilu aka haife ta, kusa da garin Suki, cikin Larabawa, ba ta taɓa taka Sakkwato ba, amma in ta ce "gida" can take nufi. Mu kuwa Hausarmu rabi da rabi ce, da mun fita ƙofa sai Larabci.

Shekarar da idonta ya daina gani, ɗan kawuna mai fatauci ya dawo daga Najeriya, ya kawo mini tsarabar littafin soyayya na 'yan mata, bangonsa ja da hoton fure. Wayyo, murnar da na yi! Ban taɓa riƙe littafin Hausa ba. Ko leƙa cikinsa ban yi ba, na ruga wurinta na ce, "Kaka, ga littafi daga gida, da harshenki."

Ta tashi zaune a kan gadon igiya, ta gyara ɗankwali kamar za ta tarbi baƙo, har ta sa aka dafa gahawa.

Da baƙaƙen Turancin da na koya a makaranta na dinga haɗa kalmomin ɗaya-ɗaya. Yarinya ce 'yar mai kuɗi, saurayi ya gan ta a kanti ya karɓi lambar wayarta. Shi ke nan fa labarin: waya, mota, fushi, kuka, sai waya kuma. Ba gona, ba kogi, ba wanda ya durƙusa ya gaida tsoho. Haushi ya kama ni, na so yarinyar nan ta tashi ta yi wani abu ban da jiran ƙarar waya. Abin da ya fi ciwo, duk inda zance ya kai ga zuciya sai su koma Turanci. Ko "ina sonki" sakaran bai iya faɗa mata da Hausa ba.

"Mi yac ce?" in ji Kaka.

Na fassara. Can kuma, "Mi tac ce?" Na lalubi kalmar a 'yar Hausar da nake da ita, babu. Bakina ya suɓuce, na yi mata bayani da Larabci, a tsakiyar ɗakinta. Na jira faɗa. Ba ta yi ba, ta ce in ci gaba.

Muka yi kwanaki a haka. Takan karkato kunne, na san me take jira: kalma ɗaya ta Sakkwatanci irin ta bakin mahaifinta da ya taso daga can, ko "wanga", ko "munka". Ba ta zo ba.

Wata rana ta ce, "Da gaske can anka rubuta wanga?"

Na ce da gaske.

"Haka mutanen gida ke magana yanzu?"

Na ce, "Ban sani ba, Kaka, labarin yara ne kawai." Wallahi ji na yi kamar in cusa littafin a murhu.

Saura shafi kaɗan mu gama, ta lalubo hannuna ta rufe shi. Ta ce, "Halas, ya bitti," wato ya isa, 'yata. Tun da aka haife ni ba ta taɓa yi mini Larabci ba sai ran nan. Na fita bayan rumfa na sha kuka.

Ba ta kai girbin dawa ba, Allah ya jiƙanta. A 'yan watannin da suka rage mata, in yara suka leƙo ɗakin suka ce "habboba", sai ta amsa.