Ranar da Titus Ya Kwanta a Motar Gawa

Tsofaffin Nasarawo, in aka ambaci Titus bakanike, sai sun yi murmushi kafin su ce Allah ya jiƙansa. Abin da suke tunawa shi ne ranar da Mama Lois, shugabar zumuntar mata, ta leƙa bayan motar gawa da rana tsaka, ta gan shi miƙe samɓal, hannuwa a ƙirji, ido a rufe. Ta ɗauko waƙar jana'iza ke nan sai gawar ta ɗaga yatsa ta ce, "Mama, a ɗan yi shiru, saurare nake." Kwanon kunun da ta zo da shi dubiya, a kwata aka tsince shi.

Titus mutumin Kaltungo ne, siriri kamar sillen kara. A garejin motocin auduga ya koyi aiki, sannan ya kafa nasa a gindin dogonyaron ƙofar gidansa. Ba ya gaggawar buɗe bonet. Yakan tsaya ya karkata kai, ya bar mota ta gama kai ƙararta tukuna.

Zamanin ƙarin albashin Udoji, da aljihu ya ɗan yi nauyi, mutanen kudu mazauna Gombe suka haɗa hannu suka sayi wata doguwar farar mota ta hannu, don wanda ya rasu a kai shi gida cikin mutunci, a daina ɗora shi kan lodin hatsi. A kan tabarma ake kwantar da mamaci, sai an isa ƙauye a haɗa akwati. Wani Cornelius ne direbanta.

To, motar tana da hali. In ba kowa a bayanta, aka tsaya injin yana aiki, sai ta kama karkarwa kamar mai masassara, jar wutar gaban direba tana kyaftawa. Da an shimfiɗa gawa sai ta yi luf, wutar ta mutu. Ba a daɗe ba mutane suka lura. Aka ce yunwa ce. Aka ce ƙofar da ta yi wa karkarwa, a fara share tsakar gida don masu ta'aziyya.

Ana haka Dokas, matar Titus, ta dawo daga asibiti bayan ciwon shawara ya kusa tafiya da ita. Rannan Cornelius, bawan Allah marar lura, ya kawo motar gyara, ya tsayar da ita hancinta na duban tagar mai jinya. Kwanukan da ke jikin bango suka ɗauki rawa.

"Baban Janet," in ji Dokas daga kan gado, "ni ta zo ɗauka?"

"Gyara ta zo, Maman Janet."

"Mai neman gyara ba ya leƙen taga."

Ta juya fuska bango. Daga nan ko ruwa ta ƙi karɓa. Titus ya san matarsa. In ya kori motar tana karkarwa, cewa za ta yi ta koma ta jira ne. Dole a nan, a kunnenta, motar ta yi shiru, in ba haka ba tsoro zai ƙarasa abin da shawara ta fara.

Ya goge fulogi, ya wanke kafireta, ya ɗaure fanbel, ya taɓa silo, mai daidaita injin a tsaye. Motar ta ci gaba da rawarta. Jar wutar bai ji tsoronta ba, ya san injin da ya raunana a tsaye ba ya bai wa batir caji. Batun nauyin ne ya tsaya masa a rai. Ya aro buhunan dawa ya jera a baya. Ko gezau.

"Oga," in ji Cornelius, murya ƙasa-ƙasa, "ta san hatsi, ta san mutum."

Titus ya dube shi, ya dubi tagar. Ya cire takalmi. "Zauna a sitiyari, kada ka taɓa totur."

Ya shiga ya kwanta yadda ake kwantar da su. Kafin bayansa ya gama taɓa tabarma motar ta yi tsit. Rana na dukan rufin ƙarfe, amma ciki sanyi kamar gindin randa, ga ƙanshin tsohon turare. Hayaniyar unguwa ta koma can nesa. Ya ɗan ɗaga kafaɗa. A ƙarƙashinsa ya ji wani siririn shaƙa, irin na wanda numfashi ke yi wa wuya. Ya mai da kafaɗar, shaƙar ta ɗauke. Yana cikin wannan ne Mama Lois ta leƙo.

Da ƙura ta lafa ya shiga ƙarƙashin mota. Tiyon mai ne ya tsage yana zuƙar iska, daidai inda tsatsa ta cinye daɓen har ya zama falle. In ƙashi ya danne wurin, tsagar ta rufe. Buhu kuwa, in ji shi, ba shi da kafaɗa. Haka dai ya faɗa, ba kuwa wanda ya nemi a sake gwadawa.

Ya canza tiyon, ya buɗe ƙofar baya wangale don a ga ba kowa, ya tayar da injin. Ya ɗora kofin ruwa kan bonet, ya je ya tallafo Dokas zuwa taga. Ruwan bai motsa ba. Jar wutar ba ta kama ba. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Akwai sauran tuwon jiya?"

Dokas ta ga jikokinta. Titus kuwa bai rabu da tsokana ba har tsufa. In ya shiga kasuwa sayen ƙusoshi, sai wani ya ce, "Baba Titus, yaya gadon nan naka? Da laushi?"

Ba ya dariya in zai amsa. "Shimfiɗar ba laifi. Mutanen ciki ma da kirki. Da na zo kwanciya, sai da suka matsa mini."