Keken da Muka Karɓe Saboda Hoto

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har da waɗanda bai kamata in manta ba, amma ranar da ƙungiyarmu ta kafa rumfa huɗu don ta ba mutum keken da ta riga ta ba shi, wannan kam sai dai in na bar duniya. Har yau in na tuna sai in fara dariya, kafin in gama kuma kunya ta rufe ni.

A shekarar da soja suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, wani irin son talakawa ya sauko wa manyan Katsina. Mutumin da ya shekara goma bai san sunan maigadinsa ba, sai ka ji shi a rediyo yana cewa halin da al'umma ke ciki ya hana shi barci. Ƙungiyoyin taimakon jama'a suka yi ta tsirowa, tamu ma a lokacin aka kafa ta. Ma'aikatan gwamnati ne da 'yan kasuwa, kowa da bajo a ƙirji da ankon shadda ruwan toka. Duk Asabar ɗin farkon wata mukan haɗu a wani otal, mu ci kaji, mu sha lemo, mu tattauna matsalar yunwa. Ni aka ba muƙamin jami'in jinƙai, ba don na fi kowa tausayi ba, sai don ban iya cewa a'a ba. Shugabanmu kuwa wani Alhaji ne mai shagunan yadi, wanda duk gari ya san idonsa na kan kujerar ƙaramar hukuma, shi kaɗai yake ganin abin sirri ne.

Aikinmu na farko, bayan wata biyar ana cin kaji, shi ne sayen keken guragu guda ɗaya. Aka ce in nemo wanda ya cancanta. Ban sha wahala ba, domin akwai wani malami mai gyaran takalma a bakin titin Ƙofar Durbi wanda shekaru da yawa shi yake yi mini aiki. Shan inna ya cinye masa ƙafafu tun yana ƙarami, amma bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba, da allura da zare yake ciyar da iyalinsa. Yana da wani tsohon keke da ya sha ɗauri da waya da tsumma, wanda tun daga nesa za ka ji kukansa, shi yake kawo shi daga gida kullum.

Muka yi ɗan biki a harabar otal ɗin. Aka yi jawabi, aka tafa, mai hoto ya yi ta walƙa mana fitila. Malam ya hau sabon keke, ya zagaya sau biyu, ya yi mana addu'ar da har yanzu ban san ko mun cancance ta ba. A ranar kuma ya kyautar da tsohon kekensa ga wani gurgu ɗan'uwansa da ke shigowa daga Batagarawa. Ya ce tun da Allah ya ba shi, shi ma sai ya ba wani.

Kwana uku bayan nan mai hoto ya zo yana sosa ƙeya, wai fim ya ƙone, ko hoto ɗaya bai fita ba. Sai ka rantse rasuwa aka yi. Shugaba ya kira taron gaggawa, shi ne kuma taro na farko da kowa ya zo a kan lokaci, domin hotunan nan da su za a yi kalandar ƙarshen shekara. Wani malamin makaranta a cikinmu ya ce, "To mi zai hana mu je inda yake aiki a sake ɗauka?"

Shugaba ya dube shi kamar ya zagi iyayensa. "A bakin kwata? Da keken da ya riga ya cire wa leda? Haba malam! A maido shi, a wanke, a naɗe, a ɗaura masa ƙyalle, a gayyato ɗan majalisa. Kuma wannan karon a fara ɗaukar mutumin yana ƙasa, sannan a ɗauke shi a bisa keke, don jama'a su ga bambanci."

Aka ce masu goyon baya su ɗaga hannu. Ina so in gaya muku cewa nawa hannun bai tashi ba, amma ƙarya zan yi. Ya tashi, kuma ni aka aika.

Na ari akori-kura na tafi Ƙofar Durbi da rana tsaka. Muka gaisa da Malam, ya tambayi gida, ya tambayi aiki, ya tambayi 'yan ƙungiya ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa sai jan gaisuwar nake yi don kada in zo kan magana. Da na faɗa, sai ya shiga juya wani takalmi a hannunsa.

"Kwana nawa?" ya ce.

"Biyu. In ya yi yawa uku."

"To, naku ne ai."

Ya dafa ƙasa ya sauko, na ɗora keke a mota. Don in nuna masa ba komai, har na bar masa takalmina guda da duddugensa ya cire, na ce in na maido keke sai in karɓa. Maƙwabcinsa, wani mai walda mutumin Filato da ke da rumfa a gefe, ya ɗage baƙin gilashinsa ya bi ni da kallo har na tayar da mota.

Kwana biyun nan sai da suka zama mako bakwai. Aka kafa kwamitin sake miƙawa, shi kuma ya haifi kwamitin rumfa da kujeru, da na abinci. Aka sa rana, ɗan majalisa ya tafi Abuja. Aka sake sawa, tela bai gama sabon anko ba, don an ce ba za mu fito a kalanda da tsohon kaya ba. Aka sa ta uku, Shugaba ya ce ya yi mura, idonsa zai fito ja. Duk wannan lokacin damina ce. Wata safiya ina kan hanyar ofis na hango Malam a gefen titi, silifa a hannuwansa, jakar kayan aiki a wuya, yana jan jiki yana kauce wa taɓo. Me kuke tsammani jami'in jinƙai ya yi? Kan babur ɗina na juya. Daga ranar na canza hanya, na gwammace in zagaya gari da in haɗa ido da shi.

A ƙarshe dai rana ta zo. An kafa rumfuna a wani fili wajen Ƙofar 'Yandaka, lasifika na ta kuka, keke yana tsakiya an naɗe shi da leda da jan ƙyalle, an rubuta sunan Shugaba a bayansa da farin fenti. Masu hoto biyu aka ɗauko don gudun tsautsayi. An ce in je in ɗauko Malam, in kuma gaya masa kada ya sa sababbin kaya. Ban iya zuwa ba, sai na aika ɗan acaɓa. Ɗan acaɓa ya dawo shi kaɗai, ya ce Malam ya ce yana nan tafe da kansa.

Mai gabatarwa yana tsakiyar kirarin Shugaba, yana kiransa gatan marasa gata, sai muka ji wani ƙaran ƙarfe daga bakin fili. Malam ne a kan wani keke da ban taɓa ganin mummuna irinsa ba. Ƙafafun baya ba girmansu ɗaya ba, mazaunin kujerar makaranta ce, ko'ina tabon walda, ba ko ɗigon fenti. Daga baya na ji mai waldan nan ne ya haɗa masa shi da gawar kekuna biyu, bayan ya gaji da ganinsa a cikin taɓo. Malam ya sa farar rigarsa ta Juma'a, ya ratso tsakiyar rumfuna, ya tsaya a gaban manyan baƙi ya gaishe su cikin ladabi.

Shugaba ya taso yana murmushin dole. "Madalla, madalla! Malam, sauko mana ƙasa a ɗauki hoto."

"Alhaji, na sauka sau ɗaya dominku," in ji Malam. "Ba ni ƙarawa. Wanga da nike bisa ba a ɗauki hotonshi ba, don haka ba mai zuwa ya karɓe shi."

Har lasifika sai da ta daina kuka. Sai ya juyo yana neman wani a cikin masu anko, ni kuwa ina ta ƙoƙarin ɓuya a bayan ma'aji. Ya sa hannu a jaka ya zaro takalmina, an gyara shi, an goge yana sheƙi.

"Dama wannan na kawo maka. Na ga ka daina biyowa ta wajenmu, na ce kada ka zaci na riƙe maka kaya."

Na karɓa. Wallahi da ƙasa za ta tsage a lokacin da na gode mata. Ya juya kekensa ya fita yadda ya shigo, muna jin ƙaransa har ya hau titi. Ina tsaye da takalmi a hannu sai na ji Shugaba ya matso kusa da kunnena yana raɗa, "Kai, duba mana, babu wani gurgu a nan kusa?"

Babu. Amma tun da an biya masu hoto, kaji kuma sun riga sun soyu, sai aka ɗauka haka nan: ɗan majalisa da Shugaba sun riƙe keke ta gefe da gefe, mu kuma mun jeru a baya cikin sabon anko, kujerar keke ba kowa a kai. Haka kalandar ta fito, kuma hoton ya yi kyau ƙwarai. Keken aka kai garejin Shugaba kafin kwamiti ya zauna, ni dai har na bar ƙungiyar bai zauna ba.

Sai da na yi wata guda kafin na iya komawa Ƙofar Durbi in ba Malam haƙuri. Ya ce ba komai, ya tambayi gida, ya ci gaba da ɗinkinsa, amma tun daga ranar bai ƙara tambayata 'yan ƙungiya ba. Abin da na koya shi ne, in har kyautarka ba za ta cika ba sai an ga fuskarka a jikinta, to ba kyauta ka yi ba, aron talaka ka yi don ka yi ado da shi. Shi ya sa har yau in an ce in zo a ɗauki hoto wajen rabon kaya, nakan ce su ɗauka, ni nawa fim ɗin ya ƙone tuntuni.