Motar Likitan Dabbobi

Ni ɗan Jahun ne, na zo Haɗejiya ina saurayi, ban san kowa a garin ba sai mutumin da ya ɗauke ni tuƙi. Likitan dabbobi ne, mutumin kudu, gwamnati ta turo shi yi wa shanun makiyaya allura a fadamun kogi. Yana da mata da 'ya guda mai shekara biyar, da mota Fijo shuɗiya, tasa ta kansa.

Hanyoyin da muke bi zuwa rugage, musamman ta wajen Baturiya, turbar shanu ce kawai, ƙaya dama da hagu. Duk ranar da muka dawo sai ka ga jikin motar kamar kyanwa ta yi wasa da shi. Likita ba ya faɗa. Sai ya tuɓe riga, ya sa a kawo bokiti, mu wanke ta tare. Shi ya koya mini yadda ake gane ƙarzuwa.

"Sa farcenka," in ji shi da Hausarsa mai karkata. "In farce ya wuce sumul, a sama take, man goge baki da tsumma sun ishe ta. In ya maƙale, ta ci fenti, sai an cike."

Mai zurfin, sai a goge ta da takardar sanfefa mai laushi da aka jiƙa, a bar wurin ya bushe, sannan a ɗiga fenti da bakin gashin zabo, kaɗan-kaɗan. Washegari a ƙara. In ka yi gaggawa sai ya yi tudu.

A shekarar da aka yi rikici, mutanen kudu suka fara barin Arewa. Hanyar mota ba ta da tabbas, don haka na kai su tashar jirgin ƙasa ta Malam Madori da hantsi, da akwati biyu. Likita ya danƙa mini mukullin motar.

"Riƙe mini ita. Da ƙura ta lafa zan dawo."

Sabon likitan da aka turo ya zo da direbansa, ya shiga gidan da Likita ya bari. Na samu aikin jan tankar ruwa ta En'e, wato hukumar gargajiya, na kama ɗaki a gefen gari wajen wani tsoho mai bandar kifi. Ya ba ni fili a bayan gida, na kafa rumfa, na zagaye ta da zana, na ɗora motar a kan bulo don kada tayoyi su lalace.

Na ɗauka motar da ba ta tafiya ba za ta ƙarzu ba. Ashe awaki na hawa kanta su bar sawun kofato, iska ta kaɗa zana ta goge ta. Da damina ta yi ƙarfi, ruwan kogi ya shigo unguwar, sai da muka sauke ta muka tura zuwa tudu, ta gogi katanga a hanya. Saboda haka kowace Juma'a, in na sauko daga masallaci, sai in ɗebo ruwa in shiga rumfar.

Fentin da Likita ya bari ya ƙare a shekarar farko. Na aika Kano aka sayo mini ƙaramin gwangwani, amma da na ɗiga sai ya fi na jikin motar duhu, don rana ta riga ta koɗar da nata. Na koyi haɗa shi da fari a kan fasasshen tangaran, in gwada a cikin murfin but ɗin motar, in jira ya bushe, in sake. Wani lokaci La'asar take riskata a kan ƙarzuwa guda wadda ba ta kai tsawon yatsa ba.

A majalisar da nake zama da yamma aka fara yi mini magana. Wani ya ce in sayar, wani ya ce in sa ta haya zuwa Kaugama, wani ya ce mai ita ai yaƙin basasar da ya ɓarke a kudu ya cinye shi. Ba su faɗi da mugunta ba, amma sai na daina zuwa. Tsohon da nake gidansa kuwa ba mai magana ba ne. Yana can yana juya kifinsa a kan wuta, ina nan a rumfa. Sai mu yini a haka, in ban da gaisuwa ba abin da ya haɗa mu.

Aka sanar a rediyo yaƙi ya ƙare. Na sauke motar daga bulo, na ba tayoyi iska, na goge ta har tana ɗaukar ido. Wata ya bi wata, ba wasiƙa, ba saƙo.

Sai da kaka, ranar wata Lahadi, tsohon ya leƙo ya ce ina da baƙi. Matar Likita ce da ƙaninta. Ta rame ƙwarai, da muryarta na gane ta. Na shimfiɗa musu tabarma, na kawo ruwa. Ta ce Likita ya rasu a shekara ta biyu ta yaƙin, yarinyar kuma ta bi shi bayan wata huɗu. Na yi mata ta'aziyya, sannan na ce su zo su ga motar.

Ƙanin ya zagaya ta yana jinjina kai. Ita kuwa kai tsaye ta nufi ƙofar baya ta hagu, ta tsuguna, ta shafa can ƙasa. Ta ƙara shafawa.

"Malam, akwai wani zane a nan," in ji ta. "Kifi. Yarinyar ta zana shi da ƙusa da safen da za mu tafi. Na gani, ban gaya wa babanta ba."

Na tuna da shi sarai. Kwana biyu bayan tafiyarsu na gan shi, na ɗauka yaran unguwa ne, har na ji haushi. Ya ci fenti sosai, sai da na yi Juma'a uku kafin ya ɓace.

"Uwargida, na gyara shi," na ce. "Ban sani ba."

Ta sake duba wurin. Sannan ta ce, "Ka iya aiki. Ba a gani ko kaɗan." Can kuma ta tambaye ni ko ina tune da yadda yake.

Na share ƙasa da tafin hannu, na zana shi da yatsa: jiki zagaye kamar ƙwarya, ido guda babba. Ta duba, ta sa nata yatsan ta ƙara wa jelar tsawo. Muka zauna muna kallonsa har ƙanin ya ce rana na yi.

Washegari na aro batir, muka tura ta, ta tashi a karo na uku. Ni na tuƙa su har Kano. A hanya ƙanin ne kawai ke magana, yana tambayata sunayen garuruwa. A bakin tasha na ba shi mukulli, da sauran fentin da na haɗa a kwalba, na nuna masa yadda ake ɗigawa, ko da yake na ga hankalinsa ba ya wurin. Ita ta yi mini godiya, ta ce in gaishe da tsohon.

Na dawo Haɗejiya a bayan babbar mota, a kan buhunan gishiri. Tsohon ya ɗaure jakinsa a rumfar tun kafin in iso. Na ƙara shekara guda a garin, sannan da arzikin man fetur ya buɗe na koma Kano jan tirelar siminti. Ban sake jin labarin matar Likita ko na motar ba.