Wushiryar Jikata

Mu biyar ne a ɗakin ran nan: ni, da jikata, da ubanta wanda yake surukina, da maƙwabciyarmu nas, 'yar Tangale, sai likitan da ya zo daga Jos. Ɗakin yana bayan wani shagon magani kusa da babbar kasuwa. Lokacin kuɗin mai sun shigo gari, duk ma'aikaci ya sayi babur, abin da a da ake haƙuri da shi sai aka fara nema masa magani. Har da haƙori.

Jikata tun da ta gama famfara haƙoranta na sama suka turo gaba, leɓe ba ya rufe su. A tsakiyarsu akwai wushirya mai faɗi. Yaran makaranta suna kiranta zomo. Ni ban ga abin gyara ba, don bakin uwarta ne sak.

Uwarta 'yata ce ta fari, kuma a wajen haihuwar yarinyar nan ta rasu. A gidanmu ba a kiran sunan ɗan fari, ba a wasa da shi, ba a tsayawa kallonsa. Haka aka yi mini, haka na yi. In ta shigo gaishe ni, ƙasa nake kallo ko tukunya. Ranar da aka fita da ita ban yi kuka ba, mata suka yaba. Ba ta taɓa ɗaukar hoto ba. Amma jika ba a kunyarta. Sai ya zamana duk kallon da ban yi wa uwar ba, 'yar nake yi wa. In ta yi dariya a tsakar gidanmu na unguwar Dawaki, sai in ji kamar wata ta shigo ba sallama.

Nas ce ta kawo maganar. Ta ce akwai likitan haƙori wanda ba cirewa yake yi ba, jera su yake yi, kuma yakan leƙo Gombe jefi-jefi. Surukina ya zo ya durƙusa a bakin ƙofata.

"Inna, ke kika raine ta. In kin ce a'a, an bar maganar."

Na ce zan je in gani da idona. Ban ce na yarda ba.

Likitan ba ya jin Hausa, nas ke fassara. Ya ce haƙori ba a dutse yake ba, in an matsa masa a hankali yakan tafi inda ake so, kamar reshen da aka ɗaure. Zai yi mata wani abu mai siririyar waya da za ta riƙa sawa a baki, duk zuwansa ya ƙara ɗaurewa kaɗan.

Na ce, "Tambaye shi, wa ya ɗaure nasa? Na ga ɗaya ya hau kan ɗan'uwansa."

"Mama, wannan ba zan fassara ba."

Jikata ta yi dariya, ta yi maza ta rufe baki da hannu.

Likitan ya kwaɓa wani abu kamar ƙullin ƙosai, ya zuba a ƙarfe mai lanƙwasa, ya danna mata a baki. Da ya cire, ya zuba farin gari da ruwa a gurbin, aka jira ya bushe. Sannan ya ɓamɓare shi ya ajiye a kan tebur.

Haƙora ne farare, da dasashi, babu leɓe, babu fuska. Ga wushiryar a tsakiya. Na san bakin nan tun kafin a haifi mai shi. Na dafa bango kamar ina gyara takalmi.

Na ce, "Wushiryar fa?"

Nas ta tambaye shi. Ya haɗa yatsu biyu ya nuna mini. In haƙoran suka koma ciki, za ta rufe.

"Mata suna zuwa a sassaƙa musu ita, shi kuma zai toshe wadda Allah ya yi?"

Surukina yana kallon ƙasa. Ina jin ya san abin da na gani, don shi ya fi ni kallon waccan fuskar.

Nas ta ce da abin nan zai tafi Jos, a kansa zai lanƙwasa wayar, kuma da safe motarsa za ta tashi. Na miƙa hannu na ɗauke shi, na ƙulle a bakin zane. Na ce mu ba ma barin gashi ko farce a hannun baƙo, balle baki ɗungurungum. Wannan gaskiya ne, amma ba shi ne dalilina ba.

Muka koma gida. Da yamma na zuba wa jikata tuwo, ta juya baya tana ci.

"Ke, bango ne ya dafa miki?"

"Kaka, haka nake ci a makaranta."

"Su wa ke kallonki a nan?"

"Ke. Kullum bakina kike kallo. Ba ki taɓa kallon idona ba."

Na ce ta ci abincinta, yaro ba ya yi wa babba lissafin kallo. Ta ci. Ni kuwa na kasa. Na duba idon nata a fakaice, na ga ba na uwarta ba ne, ba kuma na uban ba. Ban san na wane ne ba. Yarinya ta girma a ɗakina, ashe akwai rabin fuskarta da ban sani ba.

Washegari bayan na idar da salla, haske ya fara shigowa, na kwance bakin zanen. Na ɗora abin a tafin hannuna na kalle shi son raina, babu mai gani, babu mai cewa na yi rashin kunya. Na sa ɗan yatsa a cikin wushiryar. Na kira sunan 'yata a hankali, sunan da ban taɓa furtawa ba, ya fito mini baƙo a baki.

Sannan na nannaɗe shi a sabon ƙyalle, na yafa mayafi, na tashi jikata na ce ta wanke fuska ta raka ni. Muka bi ta bayan kasuwa, 'yan dako suna sauke buhuna. Mun tarar direban likita yana ɗaure kaya. Na miƙa wa likitan ƙullin da hannu biyu. Babu nas, babu mai fassara, sai na nuna abin, na nuna ƙirjina, na yi masa alamar in ya gama ya dawo mini da shi. Ya gyaɗa kai. Ban sani ba ko ya gane.