Baba Atishawa

Tun yana sakandare yake hawa dandamali, kuma duk wanda ya ji shi ya san Allah ya ba shi murya. Burinsa ya riƙa fitowa a wasan da zai sa 'yan kallo su yi tsit. Sai wata rana wani darakta ya roƙe shi ya cike gurbin maigadi a fim, fitowa ɗaya tak. A ranar kuwa mura ce ke damunsa. Ana cikin ɗauka atishawa ta ƙwace masa, hularsa ta faɗi, ya bi ta a guje. Daraktan ya ce kada a yanke wurin.

Shi ke nan, sunansa na yanka ya ɓace. A kasuwa Baba Atishawa, a asibiti Baba Atishawa. Duk fim ɗin da aka kira shi, sai ya tarar an tanadar masa hula.

"Baban yara, kowa da kiwon da ya karɓe shi," in ji matarsa.

"Ni ɗan wasa ne, ba mai mura ba!"

Da abin ya ishe shi, sai ya kama wani zaure a saman shagon tayoyi, ya tara 'yan wasa, ya zama darakta. Ya rubuta wasa a kan uban da ruwa ya ci ɗansa, ya ɗauki matsayin uban da kansa. Suka yi wata da watanni suna gwaji, fanka na ƙara, ƙaurin roba na hawowa ta taga.

Ranar nunawa zauren ya cika maƙil. Ya fito rungume da takalman yaron, idanunsa jawur. Bai ko buɗe baki ba wurin ya kece da dariya.

"Baba, a yi mana ita!" wani ya ƙwala daga baya.

Ya daure ya fara magana. Wani kuma ya yi atishawar ƙarya, aka sake fashewa. Haka ya kai ƙarshen wasan.

Washegari ya miƙa wa Dogo takalman. Dogo ɗan wasansa ne mai yawan mantuwa, ga sanyin jiki.

"Oga, anya zan iya?"

"Ba iyawarka nake nema ba. Fuskarka ce ba su sani ba."

Ya koya masa komai, har inda zai ja numfashi. Da aka sake nunawa, mata suka riƙa share hawaye da gefen mayafi. Shi kuwa yana tsaye bayan labule, leɓɓansa na bin kalmomin, yana cizon yatsa duk inda Dogo ya yi tsallake. Da aka tashi, Dogon aka yi wa caa ana yabo.

Yanzu furfura ta cika masa kai, bai sake fitowa gaban jama'a ba. 'Yan wasansa na tsoron faɗansa. In ɗayansu ya ɓata wuri a gwaji, sai ya ture shi gefe ya yi wurin da kansa, kujerun zauren babu kowa.